Kamasu, Seiko 5 ko Turtle: wanne zai iya da alwala, gumi da iskar tekun Accra?

Salam 'yan uwa. Maganar agogon shiga ruwa mai otomatik ɗin nan ta yi yawa a bes ɗin ataya, wannan ya ce Seiko wancan ya ce Orient, kuma abin da na lura yawancin masu gardamar fuska kawai suke kallo, launi da ƙyalli da yadda zai fito a hoton Sallah. Ni dai ba nan nake fara dubawa ba. Guda uku ne mutanenmu suka fi tambaya a kai don su ne kuɗinsu bai fi ƙarfin mai nema ba, wato Orient Kamasu, da Seiko 5 Sports mai lamba SRPD, da Seiko Prospex ɗin nan mai faɗin jiki da ake ce wa Turtle. Duka ukun na kamfanonin Japan ne, duka ba sa cin batir motsin hannunka ne ke ba su ƙarfi, duka jikinsu ƙarfe ne mara tsatsa, amma ƙirarsu ba ɗaya ba ce, kuma bambancin yana wuraren da hoto ba ya nunawa.

Mu faɗa wa juna gaskiya, daga Nima zuwa Mamobi har Madina da wuya ka sami wanda zai goya tukunyar iska ya nutse ƙarƙashin teku. Don masu wannan aikin aka ƙirƙiro irin agogon, tun 1953 da Blancpain suka fito da Fifty Fathoms, Rolex ma suka kawo Submariner a daidai lokacin, Seiko kuwa sai 1965 suka yi nasu na farko. Mu ruwan da agogonmu ke gamuwa da shi daban ne. Alwala ce sau biyar kullum, da gumin da ke tsiyaya a hannu in ka maƙale cikin trotro a Circle da rana tsaka, da ruwan saman watan Yuni da ke ritsa mutum a kan hanya ba wajen fakewa, da iskar gishirin da ke busowa daga teku wadda ko ƙyauren ƙarfe ba ta ƙyale ba, sai kuma zuwa Labadi washegarin Sallah ga masu zuwa. Wannan ruwan ba shi da zurfi amma ba ya hutawa, kuma da shi ya kamata a auna agogon.

Don haka abu na farko da zan sa ka taɓa shi ne mamurɗi, ɗan kan nan na gefe da ake ja a saita lokaci. Ƙofa uku ruwa ke bi ya shiga agogo, ta bakin gilashi, ta murfin baya, ta mamurɗi, biyun farko a rufe suke ba mai taɓa su sai mai gyara, na ukun kuwa kai da kanka kake buɗe shi kana rufewa. Kamasu da Turtle mamurɗinsu mai zare ne, in ka gama saiti sai ka danna ka murɗa ya ɗaure da jikin agogon tamau kamar murfin galan. Na Seiko 5 Sports ba shi da zare, turawa kawai ake yi ya koma. Kar wani ya ji haka ya je yana cewa ruwa na shiga Seiko 5, a'a, abin da ke tare ruwa 'yan zobban roba ne da ke cikin bututun mamurɗin kuma yana da su, mita 100 aka rubuta masa, alwala da wanka da iyo a saman ruwa duk zai ɗauka in dai mamurɗin na ciki. Inda gizo ke saƙar shi ne ba abin da ke riƙe shi a cikin, hannun riga na iya jan shi, igiyar jaka na iya jan shi, ko ka gyara lokaci da asuba cikin magagin barci ba ka tura shi ya kai ƙarshe ba ka wuce famfo, shikenan an gama. Mai zare kuwa in ka ɗaure ka ɗaure, sai ka yi niyya zai buɗe.

Tsakanin masu zaren biyu ma akwai tazara. Na Turtle babba ne yana cika yatsa, kuma a daidai inda ƙarfe huɗu yake a fuskar agogo aka sa shi, ya ɗan shige cikin jikin agogon, in ka lanƙwasa wuyan hannu a sujada ko kana riƙe da kan babur ba ya sokin bayan hannunka. Na Kamasu a ƙarfe uku yake, ƙarami ne, ga kafaɗu biyu na ƙarfe sun sa shi a tsakiya, mai kaurin yatsa in hannunsa da gumi sai ya yi haƙuri kafin ya kama shi, kuma wannan shi ne kukan da masu Kamasu suka fi yi ko'ina. Haɗarin ƙaramin mamurɗi shi ne garaje, ka murɗa zaren bai hau daidai ba ka ci shi. Dabarar ita ce ka danna a hankali ka fara juyawa baya sai ka ji ya yi ɗan ƙas ya zauna, sannan ka murɗa gaba, kuma da ya tsaya ka tsaya, ba a son ƙarfi.

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo da nake zama wajensa in na shiga gari, teburinsa ɗan akwatin gilashi ne da tsofaffin agogo a jere ciki. Wani saurayi ya kawo masa nasa wai hazo ya taru a cikin gilashin in rana ta yi sai ya ɓace, yana ganin ƙaramin abu ne. Baba ya maƙala madubin nan a ido, ya kwance murfin baya, ya danna wani ɗan wuri da tsinke ya zaro mamurɗin da sandarsa gaba ɗaya ya ɗora a farar takarda. Sandar da ya kamata ta yi fari tas ta koma ja, tsatsa ta bi ta har inda take shiga inji, ɗan zoben robar kuma ya bushe ya daskare, da ya matsa shi da hantsaki sai ya tsage biyu. Ya ce masa, ɗana ba jiya ruwan nan ya fara shiga ba, da sabulu kake wanka da shi ko? Yaron ya ce eh Baba, da ruwan zafi ma in ana sanyi. Baba bai ƙara magana ba ya ɗauko gwangwanin man silikon. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne roba tana tsufa ko a wane agogo take, zafi da sabulu da turare suna gaggauta mata, kuma lambar da ke rubuce a fuska ta ranar da agogon ya bar masana'anta ce.

Sai maganar rubutun fuskar, don nan ne ake ruɗa mutane. A Turtle za ka ga an rubuta Diver's 200m, wannan rubutun ba ado ba ne, yana nufin ya cika sharuɗɗan ƙa'idar ISO 6425 ta agogon masu nutso. A ƙarƙashin wannan ƙa'idar ba samfuri ake ɗauka a gwada a ce sauran ma haka suke ba, kowane agogo ɗaya ɗaya ake sa shi a ruwa a matsa shi da kashi 125 cikin 100 na abin da aka rubuta masa, wato mai mita 200 sai ya jure matsin mita 250. Ana kuma ɗumama shi zuwa digiri 40 ko 45 a ɗiga ruwan sanyi a kan gilashin a ga ko hazo zai fito daga ciki. Dole a iya karanta lokaci daga nisan santimita 25 cikin baƙin duhu, dole a sami alamar da ke nuna agogon na tafiya ko a duhun, shi ya sa ake sa haske a hannun sakan, ga gwajin bugu da na maganaɗisu da na ruwan gishiri. Kamasu na farkon nan masu lamba RA-AA000 da wani abu, su ma mita 200 ne, ga mamurɗi mai zare ga murfin baya mai zare, amma ba su ɗauke da wannan kalmar ta Diver's, alkawarin kamfani ne kawai. Seiko 5 Sports kuwa kamannin agogon nutso gare shi amma ba shi ba ne, su kansu Seiko ba su taɓa cewa shi ne ba, mita 100 ne, bayansa ma gilashi ne da ake hango inji. Kowace mita 10 a ruwa tana ƙara matsi kwatankwacin na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, masu nutson shaƙatawa ba sa wuce mita 40, tafkin Bosomtwe da ke kusa da Kumasi ma inda ya fi zurfi wajen mita 80 ne, kaga ke nan ba zurfin muke saye ba, rarar muke saye, don in roba ta fara gajiya bayan shekaru wanda aka gina da rara mai yawa shi zai fi daɗewa bai ba da kai ba.

A gilashi kuwa Kamasu ya yi musu fintinkau, ba gardama. Safaya aka sa masa, gilashi ne mai tsananin tauri, wanda a ma'aunin taurin Mohs yake mataki na 9, lu'ulu'u ne a na 10. Seiko 5 da Turtle na yau da kullum Hardlex ne da su, gilashi ne da aka ƙara wa ƙarfi amma bai kai taurin ƙwayar yashi ba, ita tana mataki na 7. To duba inda muke zaune. Yashin bakin teku, bangon bulo da ba a yi wa filasta ba a lungunan Zango inda mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace, ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu da ke kwanciya a kan komai kai kuma ka sa bakin riga ka goge, duk waɗannan suna barin zane a Hardlex sannu a hankali, safaya kuwa ko a jikinsa. Na sha ganin Kamasu da jikinsa ya sha duka zobensa na sama mai lambobi ya koɗe amma gilashin na nan garau. Masu kare Seiko suna cewa Hardlex ya fi jure bugu, safaya in ya faɗi da baki a kan siminti yana iya ɓantarewa ko ya tarwatse, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai ka tambayi kanka sau nawa agogo ke faɗuwa sau nawa kuma yake gogar bango. Wanda ke cire agogo a wajen alwala ya ajiye a kan dakali shi ne ke cikin haɗarin faɗuwa, kuma ai dalilin sayen irin wannan agogon ke nan, ka daina cirewa, ka sassauta shi kawai ka zame shi ruwa ya ratsa. Akwai Turtle mai safaya da zoben siramik da ake ce wa King Turtle, amma kuɗinsa ya ƙara hawa.

Girma. Kamasu milimita 41.8 ne a faɗi, kaurinsa bai kai 13 ba. Seiko 5 yana 42.5. Turtle wajen 45, kuma wannan lambar ce ke korar mutane tun ba su ɗaura shi ba, alhali ƙafafunsa da ake maƙala maɗauri gajeru ne, daga sama zuwa ƙasa bai kai milimita 48 ba, gefensa kuma an fafe shi ta ƙasa, sai ya kwanta a hannu fiye da yadda ake zato. Ƙirar tsohuwa ce, ta samfurin 6309 da Seiko suka yi daga 1976 zuwa 1988 suka dawo da ita wajen 2016, kuma faɗin nan aikinsa kare zobe da mamurɗi daga bugu. Amma nauyi yana nan, kuma in kaftaninka mai matsattsen hannu ne mai maɓalli Turtle ba zai shige ƙarƙashi ba, kullum yana waje. Kamasu zai shige. Ga mai siririn hannu da ke son agogo ɗaya na ofis da masallaci da ɗaurin aure wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Zoben sama mai lambobi, a duka ukun gefe ɗaya kawai yake juyawa, ya saɓa wa tafiyar hannun agogo, dalili kuwa in mai nutso ya buge shi bisa kuskure sai ya nuna masa ya daɗe a ruwa fiye da gaskiya, ya fito da wuri, ba akasin haka ba. Duka fuskar zoben alminiyom ce, tana karcewa tana koɗewa da rana. Na Turtle ya fi kauri da kamuwa ko da jiƙaƙƙen hannu, na Kamasu ya fi siriri kuma wani lokaci da ɗan tauri yana sabo. Seiko 5 ba shi da ɗigon haske a kan zoben, sauran biyun suna da shi. A hasken dare kuwa sai a sara wa Seiko, sinadarinsu na LumiBrite a kan manyan ɗigogin Turtle in ya sha rana ko ka haska shi da tocin waya, ranar da dumsor ya ritsa ka za ka karanta lokaci har wajen asuba. Kamasu ma ba laifi yana haske sosai, alamominsa dai sun fi sirara. Abu ɗaya da za ka duba da idonka a Seiko kafin ka biya, ka tabbata ɗigon ƙarfe 12 da layukan mintin da ke kewaye da fuska da alamar zobe duk sun hau layi ɗaya, don sananne ne ana samun waɗanda suka ɗan goce, ba ya hana aiki amma in idonka ya gani sau ɗaya kullum sai ya gani.

Mu shiga inji. Seiko 5 da Turtle injinsu ɗaya ne sak, 4R36, don haka ƙarin kuɗin Turtle ba na inji ba ne, na jiki ne da gwaji. Kamasu na ɗauke da F6922 wanda Orient ke ƙerawa da kansu, su kuma Orient ɗin a ƙarƙashin Seiko Epson suke. Injinan biyu suna bugawa sau 21,600 a awa, wato shida a sakan, duka ana iya murɗa su da hannu a ba su ƙarfi, duka in ka ja mamurɗi hannun sakan na tsayawa ka saita daidai da waya, duka suna nuna rana da kwanan wata. In sun cika 4R36 na yin awa 41 a ajiye, F6922 awa 40, wato ka cire shi daren Juma'a bayan isha'i, Lahadi da azahar ka tarar ya tsaya, wannan ba lalacewa ba ce haka abin yake. A takarda Orient sun fi matse alkawari, sun ce tsakanin ƙarin sakan 25 da ragin 15 a rana, Seiko suka ce ƙarin 45 da ragin 35. In ka lissafa mafi muni, Seiko na iya yin gaba da sama da minti 5 a sati, Orient wajen minti 3. Yawanci ba sa kaiwa can, kuma mai gyaran da ya san hannunsa zai iya daidaita kowanne, amma wanda bai taɓa riƙe otomatik ba gara ya sani tun yanzu ba zai yi daidai da agogon batir ba har abada, da azumi kar ka sha ruwa da shi sai ka ji kiran salla. In kuma ka ga ya fara gudu da mintoci a rana ɗaya, galibi maganaɗisu ne ya kama siririn sifirin ɗin ciki, daga ajiye shi a kan sifika ko jikin murfin waya mai maganaɗisu, cirewa ake yi da ɗan na'ura ba sai an kwance komai ba.

To ga inda Seiko ke rama abin da Kamasu ya ci su a gilashi, kuma a ganina mu da ke Accra wannan ya fi komai nauyi bayan mamurɗi: wa zai gyara maka, da me? Injin 4R36 yana da ɗan'uwa NH36 da Seiko ke sayar wa wasu kamfanoni, da NH35 mara rana, sun cika duniya, kamfanonin China da yawa da su suke aiki, saboda haka ko injin ya mutu murus ana iya samo sabo a dasa da kuɗi kaɗan, mai gyara ya dai kula da faifan ranaku don mamurɗin ƙarfe huɗu. Gilashi, zobe, roba, hannaye, duk ana samun na Turtle da Seiko 5 a intanet birjik, Seiko 5 ma yawancin kayan tsohon agogon nutson Seiko mai suna SKX suna hawa kansa, har safaya za ka iya sa masa daga baya. Kayan Orient ba su yawaita haka ba. Injinsu mai ƙwari ne ba ya yawan ba da matsala, amma ranar da wani abu ya karye a ciki za ka iya yin jiran kaya, ko ka roƙi ɗan'uwa borga ya taho maka da shi. Ka tambayi mai gyaranka kafin ka saya, ba bayan ka saya ba.

Maɗauri kam duka ukun a nan aka rage kuɗi. Sarƙar Kamasu bakinta da ke haɗuwa da jiki holoƙo ne, lanƙwasasshen ƙarfe, tana ɗan kacau-kacau, makullin ma bugaggen falle ne, ta Seiko 5 ma kusan haka. Ba sa tsinkewa, ba su dai da daɗin taɓawa. Sa'ar ita ce duka ukun milimita 22 ne tsakanin ƙafafu, maɗauri ɗaya zai hau kowanne. Seiko biyun an huda ƙafafunsu ta waje, da tsinke za ka ture sandar ka canza maɗauri, Kamasu sai ka sa kayan aiki ta ciki ka yi hankali kar ka karce. A zafin garin nan ka manta da fata, wata kaɗan za ta yi wari ta tsage. Na zare irin na sojoji yana da kyau amma in ka yi alwalar azahar yana nan a jiƙe har la'asar. Robar silikon da ke zuwa da wasu Turtle tana da laushi sai dai tana kwasar ƙura. Ni sarƙar ƙarfe na fi yarda da ita, ka wanke da tsohon buroshin haƙori ka goge ta bushe nan take.

Na san wani zai ce ina SKX007? Agogo ne na gaske, Diver's 200m, ya fito 1996 aka daina yin shi wajen 2019, amma injinsa 7S26 ba a murɗa shi da hannu, hannun sakan ba ya tsayawa, kuma tunda aka daina shi kuɗinsa ya tashi jabu da haɗe-haɗe suka cika kasuwa, wanda bai san shi ciki da bai ba gara ya bar shi. Citizen Promaster NY0040 ma Diver's 200m ne, mamurɗinsa a ƙarfe takwas, in ka ci karo da mai kyau kar ka raina shi. 'Yan China masu injin NH35 suna ba da safaya da siramik a kuɗi ƙasa da duka waɗannan, sai dai ingancin rufinsu ya danganta da wanda ya haɗa, kuma in an cuce ka ba inda za ka kai kuka.

In ƙanina ne ya zo da kuɗin agogo ɗaya ya ce Yaya zaɓa min, kuma aikinsa na shago ne ko ofis ko makaranta, Kamasu zan ce ya ɗauka, don ya haɗa mamurɗi mai zare da safaya da jikin da ke shiga hannun riga, kuma yawanci kuɗinsa bai kai na Turtle ba. In kuwa mutum aikinsa a bakin ruwa yake, harbo a Tema ko cikin masunta a Jamestown, ko makanike ne ko mai gini da hannunsa ke dukan ƙarfe kullum, ko dai yana son abin da zai riƙe shekara da shekaru ana canza masa kaya a nan gida, ya daure ya cika kuɗi ya ɗau Turtle, zanen gilashi abu ne da ake canzawa. Seiko 5 Sports shi na sa a ƙarshe, ba don ba shi da kyau ba, launukansa sun fi na kowa yawa kuma injinsa na Turtle ne, sai don a kusan kuɗinsa kana iya samun Kamasu, kuma ni ban ga dalilin da zai sa mai taɓa ruwa sau biyar a rana ya bar mai zare ya ɗauki mara zare ba. Wanda ya riga ya saya kar ransa ya ɓaci, ya dai mayar da shi al'ada kafin ya buɗe famfo ya danna mamurɗin da babban yatsa.

Ranar saye, musamman in hom-yus ne ko a Jiji ko Tonaton ka gani, kar ka tura momo sai agogon na hannunka. Kwance mamurɗin ka ɗaure da kanka ka ji ko zaren na kamawa sumul yana yin zagaye kafin ya tsaya, in rabin juyi kawai ya yi ya cije to an ci zaren. Juya zobe zagaye ɗaya cikakke ka ji ko akwai inda yake sakin jiki. Haska fuskar da toci ka rufe da tafin hannu ka leƙa, hannaye da ɗigogi su yi haske iri ɗaya, in wani ya fi wani an canza kaya. A Seiko lambar injin da ke murfin baya ta dace da ƙaramin rubutun da ke ƙasan fuska wajen ƙarfe shida, Turtle kuma akwai tambarin igiyar ruwa a murfinsa. Waɗanda suka biyo ta Dubai sau da yawa ranakunsu Turanci da Larabci ne, wannan ba alamar jabu ba ce, na kasuwar can ne. In za ka gwada canza rana da kwanan wata ka fara kai hannaye wajen ƙarfe shida, don tsakanin 9 na dare da 4 na asuba haƙoran canjin suna cikin aiki, tilasta su na karya su. Ka tambaya ko an taɓa buɗe bayansa, in an taɓa to ka ɗauka ba ya hana ruwa sai an sa sabuwar roba an gwada shi a injin matsi, kuma ba kowane mai tebur ke da wannan injin ba, sai ka nema a manyan shagunan agogo. In ka shiga teku da shi, da ka fito ka tabbata mamurɗi a ɗaure yake, ka fasa piya wata ɗaya ka zuba masa kana juya zoben don yashi da gishirin da suka shige ƙarƙashi su fita, in ka bar su suka bushe a ciki zoben zai cije.